Tsamin gasara da baurin jar dawa: wane aiki ne na bakteriya, wane ne ba nata ba?

Maman Sadiya, Gangare:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana abinci da ke cikinmu, kuma ina roƙon a ba ni amsar da mai sana'a za ta iya aiki da ita. Ina sayar da gasara da garin kunun yara, kuma sau da yawa ina samun jar dawa da sauƙin kuɗi fiye da farafara a kasuwar Katako, sai dai wasu masu saye suna cewa kokon jar dawa yana da bauri, wasu kuma sun ce sun ji yana hana yaro ƙiba. Wata abokiyar sana'ata ta tabbatar mini cewa idan ƙullu ya kwana biyu ya yi tsami sosai babu sauran abin tsoro, domin ƙwayoyin da ke kawo tsamin suna cinye sinadarin baurin. Shin haka ne, ko kuwa tsamin rufe baurin kawai yake yi a baki?

Malam Ɗanladi, malamin kimiyya a Bukuru:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Abokiyar sana'arki tana da gaskiya, kuma ilimi yana bayanta. Sinadarin da ke kawo bauri shi ne tanin, wanda ake samu a goro da ganyen shayi da ɗanyar kanya da ɓawon rumman. Halinsa shi ne kama furotin, shi ya sa idan ya shiga baki yake ɗaure furotin ɗin da ke cikin miyau, sai mutum ya ji harshensa ya bushe ya yi kaushi, kuma abin da yake yi a baki shi ne yake yi wa furotin ɗin abinci da enzayim, wato sinadaran da ke farfasa abinci, waɗanda ke narkar da shi a cikin hanji. Ƙwayoyin da ke sa ƙullu tsami kuwa bakteriya ce da ke cin sukari ta mayar da shi asid ɗin laktik, irin wadda ke mayar da madara nono. A cikinsu akwai Lactobacillus plantarum, wadda aka sauya wa suna zuwa Lactiplantibacillus plantarum a shekarar 2020, kuma tana da wani enzayim mai suna tanes da ke farfasa tanin. A shekarar 2000 masanin Japan Ro Osawa da abokan aikinsa sun ware irin wannan bakteriya daga abinci mai tsami da kuma bayan gidan mutane, suka nuna cewa plantarum da 'yan uwanta biyu, pentosus da paraplantarum, suna da wannan enzayim. Tun da plantarum tana cikin manyan masu tsamar da akamu da koko, ki bar ƙullunki ya yi tsami, ki kwantar da hankalinki.

Dakta Rifkatu, mai nazarin ƙananan halittun abinci:
Malam Ɗanladi, duk abin da ka kawo a kan plantarum daidai ne, amma ƙarshen da ka ɗora a kansa bai tsaya ba, domin tanin ba iri ɗaya ba ne, kuma enzayim ɗin da ka ambata iri ɗaya kawai yake iya taɓawa.

Akwai tanin da aka gina shi da ƙwayar sukari a tsakiya, aka rataya mata asid ɗin galik ta wani mahaɗi da masana ke kira esta. Wannan shi ne irin da ke cikin ƙwallon mangwaro, kuma danginsa na kusa ne ke cikin ɓawon rumman. Mahaɗin esta shi ne abin da tanes yake yankewa, sai asid ɗin galik ya faɗo, wani enzayim na biyu a cikin bakteriyar ya cire masa iskar kabon ya mayar da shi firogalol, kuma a nan plantarum take tsayawa, ba ta ƙara gaba. Akwai kuma iri na biyu, dunƙulallen tanin, wanda sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyin wani sinadari mai suna katekin da aka ƙulla kabon da kabon kai tsaye, babu esta a ƙashin bayansa ko ɗaya. Tanes ba ya kwance wannan ƙulli. To, tanin ɗin dawa dunƙulalle ne, haka na tamba mai ruwan ƙasa da muke kunu da ita a nan Filato, haka na ɓawon jan wake da gurjiya mai duhu. Saboda haka idan bauri ya ragu a gasarar Hajiya, kuma yana raguwa, sai mu nemi dalilin a wani wuri, kada mu miƙa wa tanes ladan aikin da bai yi ba.

Maman Sadiya:
Dakta, na gode, amma yanzu kin ƙara mini damuwa. Idan ƙwayoyin ba sa cinye shi, ina yake tafiya, kuma me zan ce wa uwar da ta sayi garin don yaye?

Dakta Rifkatu:
Hajiya, kafin damuwa sai mu fara tabbatar da cewa dawarki tana da tanin ɗin ma tukuna, domin jan launi ba hujja ba ne. Tanin ɗin dawa yana zaune ne a wata siririyar fata ta biyu da ke ƙarƙashin ɓawon waje, kuma ba kowace dawa ce take da wannan fata mai launi ba. Akwai jar dawa da ba ta da tanin ko kaɗan, jan nata daga wasu sinadaran rini ne na ɓawon waje, dangin waɗanda ke cikin karan dafi da dukawa ke rina fata da shi. Akwai kuma dawa mai fari kamar alli a ido, amma idan aka kankare ta sai a ga fatar ciki mai duhu. Kaura da farafara da suka fi yawa a kasuwannin Arewa galibinsu ba masu tanin ba ne.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ki ɗauki 'yan ƙwayoyi ki kankare ɓawon da reza ko farce. Idan kin ga shimfiɗa mai ruwan ƙasa ko shunayya tsakanin ɓawo da farin ciki, akwai tanin. Akwai kuma gwajin da masu sayen dawa na kamfanoni ke yi: ana narkar da giram 5 na soda irin ta masu haɗa sabulu a cikin mililita 100 na bilicin wanki, a zuba a kan ƙwaya 100, a bari minti 10, a ɗauraye. Mai tanin za ta koma baƙa wuluk, marar tanin kuwa za ta yi fari ko ta yi haske. Wannan ruwa yana cin fata, don haka a sa safar hannu, a nisanta shi daga yara da kwanukan abinci, a zubar da ƙwayoyin da aka gwada.

Idan ta tabbata mai tanin ce, to mafi yawan aikin hannunki ne yake yin sa. Surfe yana cire fatar da tanin yake ciki, jiƙo da zubar da ruwansa yana wanke wani kaso, tata kuma tana raba gasara da dusa, kuma dusar ce ke tafiya da mafi yawan abin da ya rage. Wadda ta niƙa dawa da ɓawonta ta yi gari ba ta tace ba, ita ce take ba yaro tanin ɗin gaba ɗaya, ko da ta bar ƙullun ya yi tsami.

Baba Inuwa, Dilimi:
'Yata Dakta, Allah ya yi miki albarka. Mu gidanmu majema ne tun daga Kano, kuma abin da kuke kira tanin mun san aikinsa a bagaruwa, domin da ita ake jeme fata ta daina ruɓewa. Abin da na sani a sana'a shi ne, idan bagaruwa ta riga ta shiga fata ta kama ta, ruwa ba ya fitar da ita, ko an wanke sau nawa. Shi ya sa nake tambaya, idan tanin ya riga ya kama abincin da ke cikin ƙullun, ba zai zama ya ɓuya ba ne kawai, mai awo ya nema ya rasa, ya ce ya tafi alhali yana nan?

Yusuf, ɗalibin kimiyyar abinci:
Baba, wannan tambaya taka ita ce ta tsaya mini a aikin kammala karatuna. Hanyar da muke auna dunƙulallen tanin a ɗakin gwaji ita ce mu jiƙa garin a cikin wani ruwan sinadari mai suna metanol mu tsamo abin da ya narke, sannan mu zuba masa banilin da asid, ya yi ja, mu auna ƙarfin jan. Ke nan abin da ya yarda ya fito cikin metanol shi kaɗai muke gani. Tanin ɗin da ya manne wa furotin ko zaren ɓawo a lokacin da ƙullu yake jiƙe ba zai fito ba, kuma a takarda sai mu rubuta cewa ya ragu. Wasu ma suna amfani da gwajin Folin, wanda ba tanin kaɗai yake kamawa ba, duk wani sinadarin finol, wato babban dangin da tanin yake ciki, yake ƙirgawa, har ma da wasu abubuwan da ba finol ba, shi ya sa za ka ga an rubuta adadin tanin a masara ko gero, alhali waɗannan hatsi ba a san su da dunƙulallen tanin ba.

Malam Ɗanladi:
Na ji bayanin Dakta da na Yusuf, amma ban yarda a share aikin bakteriyar haka kawai ba. Rahotannin da ke nuna raguwar tanin bayan tsamar da dawa suna da yawa, daga Sudan inda suke yin kisra, da Tanzaniya inda suke yin togwa, da nan Najeriya a kan akamu, kuma ba zai yiwu a ce dukkansu kuskuren awo ne ba. Bayan haka, ba takarda kaɗai ke magana ba, jikin mai ci ma yana magana. An daɗe da sanin cewa furotin ɗin dawa yana da wuyar narkewa idan an dafa shi da ruwa. A wani bincike da aka yi da ƙananan yara a ƙasar Peru aka buga a 1981, kashi 46 cikin 100 kawai na furotin ɗin dawa jikinsu ya iya narkarwa, alhali na alkama ya kai kashi 81, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa idan aka tsamar da dawar kafin a dafa, narkewar tana ƙaruwa sosai. Idan ba bakteriya ce ta yi wannan ba, wa ya yi?

Dakta Rifkatu:
Ita ta yi, Malam, kuma ban ce tsami ba shi da amfani ba. Abin da nake ja a kai shi ne hanyar, domin wanda ya fahimci hanya shi ne zai san inda za ta kai shi da inda ba za ta kai shi ba. Dawar da aka ba yaran Peru ba mai yawan tanin ba ce, matsalarta daga furotin ɗin ne kansa, wanda ke ƙulle kansa da kansa idan ya sha zafi da ruwa. Tsami yana sassauta wannan ƙulli, enzayim ɗin hatsi da na bakteriya suna yanka furotin ɗin gunduwa-gunduwa, sai ya fi narkewa, ko da tanin ko babu. Haka kuma akwai fayitet, wanda yake riƙe sinadarin ƙarfe da zinki a cikin kowane hatsi. Idan ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa, ya sauko zuwa wajen 5, enzayim ɗin da ke farfasa fayitet yana samun yanayin da yake so, duk da cewa dawa da masara ba su da shi da yawa kamar alkama. Sannan idan pH ya faɗi ƙasa da 4, ƙwayoyin da ke kawo gudawa ba sa iya yaɗuwa, kuma a ganina wannan ne babban alherin koko mai tsami ga yaron da aka yaye, ya fi batun tanin nauyi nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu kuma game da tanes ɗin plantarum da ba a cika faɗa ba. Babban nau'insa a cikin jikin bakteriyar yake zaune, ba ta fitar da shi waje, kuma babbar ƙwayar tanin ba ta iya ratsa bangonta ta shiga. Masu bincike a birnin Madrid sun gano cewa wasu 'yan tsirarun zuriyoyin plantarum ne kawai ke da tanes na biyu da suke fitarwa waje. Ƙari a kan haka, enzayim ɗin ya fi ƙarfi a pH na wajen 7 zuwa 8 da ɗumin da ya kusa digiri 40, wato akasin yanayin gasarar da ta kwana biyu a Jos cikin hunturu. Don haka ko a abincin da tanin ɗinsa mai yankuwa ne, samun plantarum a ciki bai isa a ce aiki ya kammala ba, sai an san wace zuriya ce.

Alhaji Sale mai kaji, hanyar Mangu:
Dakta, ni ta fuskar kiwo nake kallon maganar. Idan masara ta yi tsada mukan koma dawa a haɗin abincin kaji, kuma kowane mai kiwo ya san akwai dawar da kaji ba sa son ci, idan sun ci ma ba sa yin nauyi yadda ya kamata. Manoman da ke shuka irin wannan dawa suna da hujjarsu, domin tsuntsaye, musamman jan baki, sun fi barin ta idan akwai wata a kusa, kuma ba ta saurin yin fumfuna idan ruwan sama ya daɗe, wanda a nan Filato ba ƙaramin abu ba ne. Na ji ana cewa a jiƙa ta da ruwan toka ko kanwa. Wannan ya fi tsami aiki ne, ko kuwa maganar kasuwa ce?

Dakta Rifkatu:
Alhaji, ba maganar kasuwa ba ce. A kan dunƙulallen tanin, toka ta fi tsami aiki, kuma mutanen Ruwanda da Burundi da Yuganda, waɗanda suka fi mu cin dawa mai tanin, sun daɗe suna cuɗa ta da tokar itace su jiƙa ta kafin su tsirar da ita. A cikin ruwan toka tanin yana haɗuwa da iska ya dunƙule ya zama manyan ƙwayoyi da ba sa iya kama furotin kamar da. Ga kaji wannan hanya tana da kyau matuƙar an shanya hatsin ya bushe sarai kafin a niƙa, domin danshi zai jawo fumfuna, kuma gubar fumfuna ta fi tanin haɗari. Ga abincin yara kuwa ina ja da baya, saboda kanwa da toka suna lalata bitamin B1, kuma idan ba a ɗauraye su sosai ba za su jinkirta tsamin da muke so ya kare kunun. Inda surfe zai yiwu, surfe ya fi.

Hauwa, ma'aikaciyar jinya:
Ina so in ja hankalin zauren zuwa inda nake ganin matsalar a wurin aiki. Matan da ke zuwa awon ciki da ƙarancin jini, kaɗan ne a cikinsu za a ce jar dawa ce ta jawo musu, amma da yawansu suna karya kumallo da shayi mai kauri, wasu ma da shi suke haɗiye ƙwayar ƙarin jini da aka ba su. Tun a 1975 aka nuna a Afirka ta Kudu cewa shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin abincin tsiro, kuma binciken baya ya tabbatar da cewa kofin baƙin shayi tare da abinci yana iya rage abin da jiki zai ɗauka da fiye da rabi. Abin da muke gaya musu shi ne su raba shayi da abinci da kamar awa ɗaya, su haɗa abinci da lemo ko gwaba ko tumatir, domin bitamin C yana rage wannan riƙo. Dakta, shin bakteriyar tsami tana da abin yi a kan shayi, tun da kin ce ba ta da shi a kan dawa?

Dakta Rifkatu:
Sista Hauwa, a shayi kam tana da wurin kamawa, domin wasu daga cikin katekin ɗin shayi suna ɗauke da asid ɗin galik a rataye ta mahaɗin esta, kuma su ne suka fi bauri. Tanes yana cire wannan rataye, shi ya sa kamfanonin da ke yin shayin kwalba suke amfani da shi don kada shayin ya gurɓace idan ya huce, sai dai nasu daga fumfunar Aspergillus suke samo shi. A arewacin Tailan akwai ganyen shayi da ake turarawa a danne shi ya yi tsami ana ci, suna kiransa miyang, a Japan ma akwai shayin awa-banca na yankin Tokushima, kuma a duka biyun ana samun plantarum ko pentosus, waɗanda ke jure tanin ɗin da ke hana wasu ƙwayoyin rayuwa. Amma kada mu yi saurin murna a kan batun jini, domin asid ɗin galik da aka 'yanto shi ma yana kama sinadarin ƙarfe. An rage bauri, an rage kama furotin, amma ba lallai ne an saki ƙarfen ba. Shawararku ta raba shayi da abinci tana nan daram.

Yusuf:
Dakta, a wani taron ɗalibai an ba da shawarar a nemo bakteriya mai ƙarfin tanes daga cikin awaki, tun da suna cin ganyen bagaruwa da gawo ba ya damunsu, a riƙa zuba ta a ƙullu. Mene ne ra'ayinki?

Dakta Rifkatu:
Ra'ayina shi ne a bar ta a cikin akuya. Osawa ɗin da Malam Ɗanladi ya ambata ya fara wannan aiki ne a Ostireliya a kan dabbar kowala, wadda ke rayuwa a kan ganyen turare, irin bishiyoyin da aka dasa a tsofaffin filayen haƙar kuza a nan Filato. Bakteriyar da ya samo a can, wadda daga baya aka sa wa suna Streptococcus gallolyticus, ana samunta a tumbin awaki ma, tana yin asid ɗin laktik, kuma tana da tanes mai ƙarfi. Amma likitoci sun san ta da haddasa ciwon bawul ɗin zuciya, kuma ana yawan samunta a jinin masu sankarar babban hanji. Iya farfasa tanin ba shaidar lafiya ba ce. Duk abin da za a zuba a abincin mutane sai ya kasance daga jinsin da aka daɗe ana ci lafiya, kuma plantarum tana cikinsu.

Alhaji Sale mai kaji:
To daddawa fa? Kalwa ma tana da bauri kafin a sarrafa ta.

Dakta Rifkatu:
Daddawa ba ta cikin wannan babi, Alhaji. Wata bakteriya daban mai suna Bacillus subtilis ce ke yin ta, ba ta tsami take yi ba, pH ɗinta hawa yake yi, kuma doguwar dahuwa da cire ɓawon kalwa su ne ke kawar da mafi yawan baurin tun kafin a rufe ta.

Baba Inuwa:
Ni dai ina roƙon kada a mayar da bauri abokin gaba. Mun ga tsofaffi da suka rayu a kan tuwon jar dawa da ƙarfinsu, kuma yanzu masu ciwon sukari ana ce musu su nemi abincin da ba ya saurin narkewa.

Hauwa:
Baba, maganarka tana da tushe, domin tanin yana rage saurin narkewar sitaci, kuma babban mutum da ke cin nama da wake da ganye ba abin da ɗan tanin zai rage masa. Bambancin yana ga yaron da ke tsakanin wata 6 da shekara 2, wanda cikinsa ƙarami ne, buƙatarsa ta ƙarfe da furotin babba ce, kuma a gidaje da yawa koko ne kusan dukan abincinsa bayan nono. A wurinsa kowane abin da aka riƙe asara ce. Kuma ko gasarar da ba ta da tanin ko kaɗan ba ta isa abincin yaye ita kaɗai ba, sai an haɗa da waken suya ko gyaɗa ko garin kifi.

Maman Sadiya:
Na fahimta, kuma zan kankare dawar da ke hannuna in gani. Saura abu ɗaya, Dakta. A watan Disamba da Janairu ƙullu yakan ƙi yin tsami da wuri, wani lokaci ma sai ya fara wari kafin tsamin ya zo. Iyayenmu sukan zuba ruwan tsamin jiya a sabon ƙullu. Wannan yana da kyau, ko yana ɗauko ƙazanta ne?

Dakta Rifkatu:
Yana da kyau ƙwarai, Hajiya, idan na jiyan lafiyayye ne mai ƙamshin tsami, ba mai wari ko yauƙi ko fumfuna a sama ba. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma daren hunturu yana yin sanyin da ke rage wa bakteriyar tsami kuzari, domin ta fi son ɗumin digiri 30 zuwa sama kaɗan. A wannan jinkiri ne ƙwayoyin ruɓa ke samun sarari. Ruwan jiya yana kawo bakteriya mai yawa da ta riga ta saba da hatsin, yana kuma sauko da pH tun daga farko. Ki ajiye robar a ɗaki mai ɗumi, a rufe, ki bar ruwa ya shanye kan gasarar. Idan dawar mai tanin ce za ki ga ta fi jinkiri, domin tanin yana danne enzayim ɗin da ke fitar da sukari daga sitaci, shi ne ma dalilin da ya sa kunun zaƙi na irin wannan dawa yakan ƙi tsinkewa ko an zuba masa tsiro. Wannan ma wani dalili ne na surfe ta tun farko. Ga garin yara kuma, na fi son ki tsaya a kan kaura ko farafara ko jar da kika tabbatar ba ta da fatar ciki, ki bar mai tanin ga kokon manya.

Malam Ɗanladi:
Shawarar da aka ba Hajiya ban da ja a kanta. Amma a kan asalin muhawarar har yanzu ina da saura. Plantarum ba tanes kaɗai take da shi ba, tana da enzayim masu cire sukari daga sinadaran finol, da masu cire iskar kabon daga ƙananan asid ɗin finol, kuma asid ɗin da take zubarwa na kwana biyu ko uku yana iya taɓa doguwar sarƙa. A cikin hanjin mutum ma an san ƙwayoyin da ke can suna farfasa gajerun sarƙoƙin katekin zuwa ƙananan asid. Ban ga dalilin da zai sa a rufe ƙofa a ce a cikin ƙullu babu abin da ke faruwa ga dunƙulallen tanin ba.

Dakta Rifkatu:
Ban rufe ƙofar ba, Malam. Ƙananan finol ɗin dawa suna sauyawa sosai a lokacin tsami, wannan tabbas ne, kuma gajerun sarƙoƙi sun fi dogaye sauƙin taɓawa. Sai dai babban hanji taro ne na ɗaruruwan jinsuna da ke aiki babu iska, kowane yana karɓa daga hannun wani, ƙullu kuwa jinsuna kaɗan ne ke mulkinsa, kuma tanin ɗin dawa dogayen sarƙoƙi ne suka fi yawa a cikinsa. Wanda ya ce bakteriya ta yanka su, sai ya nuna mini gutsattsarin da suka fito, raguwar jan banilin ba ta ishe ni ba.

Yusuf, tun da kai ne mai ɗakin gwaji, ga yadda za ka raba mu da Malam. Ka samo dawa ɗaya da gwajin bilic ya tabbatar tana da tanin, ka niƙa ta da ɓawonta don kada tata ta shiga lissafi, ka raba ƙullun kashi uku. Na farko ka bar shi da ruwa kawai a cikin firiji, na biyu ka zuba masa asid ɗin laktik na kwalba har pH ɗinsa ya yi daidai da na gasara, shi ma a cikin firiji don kada wata ƙwaya ta taso, na uku ka sa masa plantarum a ɗumin digiri 30. Bayan awa 48 ka auna tanin ɗin da ya narke, sannan ka ɗauki tukar da ta rage bayan tsamowa ka dafa ta da butanol da asid, domin wannan gwaji yana fito da tanin ɗin da ya manne.

Yusuf:
Za a iya yin haka, Dakta, domin muna da butanol da na'urar auna launi. Abin da ba mu da shi shi ne dawar da aka tabbatar da irinta, tun da ta kasuwa gauraye take zuwa.

Alhaji Sale mai kaji:
Wannan mai sauƙi ne, ɗana. Ranar Juma'a kasuwar Mangu take ci, kuma na san manoman da ke kawo tasu daga gona ɗaya ba haɗi. Zan karɓo maka mudu ɗaya-ɗaya na iri uku, kowanne a ƙullinsa da sunan ƙauyen da ya fito, sai ka fara da gwajin bilic ɗin ka ga wacce za ta yi baƙi.